Inda gizo ke saƙa wajen haɗa tsoffin kwamfutocin banki da intanet

Wanda ya biya kuɗi da katin Visa, ko ya sayi tikitin jirgin sama ta waya, ko ya karɓi kuɗin da ɗan'uwansa ya turo daga wani babban bankin Turai ko Amurka, akwai kyakkyawan zaton cewa saƙonsa ya ratsa ta cikin wata irin babbar kwamfuta da ake kira menfirem. Zuriyar mafi yawansu ta faro ne daga System/360, wadda kamfanin IBM ya ƙaddamar ranar 7 ga Afrilu, 1964. Tun daga lokacin kamfanin yake riƙe da alkawari guda: manhajar da aka rubuta wa tsohuwar na'ura za ta ci gaba da aiki a kan sabuwa. Shi ya sa na'urar da ke cibiyar bayanan banki a yau kan zama sabuwa dal, kamar z16 ta 2022 ko z17 ta 2025, amma wani ɓangare na manhajar da ke gudana a cikinta ya girmi manajan bankin.

A 1991 wani marubucin fasaha, Stewart Alsop, ya yi hasashen cewa ranar 15 ga Maris, 1996 za a zare wutar menfirem ta ƙarshe a duniya. Ranar ta zo ta wuce, na'urorin na nan suna aiki. Abin da ya sauya da gaske shi ne masu magana da su. A ganina duk wahalar sabunta waɗannan na'urori daga nan take tasowa, kuma wanda ya ɗauka matsalar tsufan ƙarfe ce ko tsufan COBOL, yaren da aka rubuta manhajojinsu da shi, to ya fara gyara daga inda ba nan ne ciwon yake ba.

Aikin da na'urar ta ƙware a kai

Menfirem ba don lissafin kimiyya mai zurfi ake ajiye ta ba. Ƙwarewarta ita ce gudanar da ƙananan ma'amaloli masu ɗimbin yawa a lokaci guda ba tare da kwabo ya ɓata ba. A ɗauki tura naira 50,000 daga wani asusu zuwa wani. A idon mai asusu aiki ɗaya ne, a wurin kwamfuta kuwa aƙalla biyu ne: a cire daga nan, a zuba a can. Idan wuta ta ɗauke bayan an cire kafin a zuba, kuɗin sun maƙale a tsakani. Don haka ƙa'idar ita ce ko dai matakan biyu su kammala tare, ko kuma a mayar da komai yadda yake kamar ba a taɓa ba. Kuma muddin ana cikin aikin, ana kulle asusun biyu kada wata ma'amala ta shigo ta ga rabin aiki. Da zarar an ce an gama, an gama ke nan, ko da na'urar ta mutu bayan daƙiƙa ɗaya, domin an riga an rubuta abin da ya faru a kundin ajiya kafin a amsa wa kowa.

Akwai manhajar da ke tsaye a kan wannan ƙa'ida. Mafi shahara ita ce CICS, wadda IBM ya fara sayarwa a 1969, kuma tun 1974 ake ci gaba da gina ta a Hursley ta ƙasar Ingila. Akwai IMS, wadda ta fara aiki a 1968 don lissafin miliyoyin sassan kumbon Apollo. Akwai kuma TPF, wadda ta samo asali daga tsarin sayar da tikitin jiragen sama, kamfanonin katin kuɗi suka ɗauka daga baya. Mai rubuta manhaja da COBOL, yaren da aka tsara a 1959, ba ya damun kansa da kulle asusu ko mayar da kuɗi in an samu tangarɗa. Yana rubuta dokar kasuwanci ne kawai, CICS ta ɗauke masa sauran. A riƙe wannan, domin duk wanda ya bar menfirem sai ya nemo mai ɗauke masa wannan nauyi, ko ya ɗauka da kansa.

Duniyar da aka gina wa tsarin ita ce ta ma'aikacin banki zaune gaban allon 3270, wanda ya fito a 1971: baƙin allo da koren rubutu, layi 24, kowane layi harafi 80. Wayar da ta haɗa allon da cibiya ta banki ce shi kaɗai. Ma'aikacin an horar da shi, an san sunansa, yana da lambar shiga tasa, in ya yi ba daidai ba an san inda za a same shi. Yawan saƙonnin da ke isa na'ura ba zai wuce saurin yatsun ma'aikata ba. Da yamma a rufe rassa, sai na'urar ta shiga aikin dare: lissafin kuɗin ruwa, biyan albashi, daidaita littattafai, shirya takardun bayanin asusu. Kwatancin da ya fi kusa shi ne tsohon akawun wani attajiri da ke zaune a ƙuryar shago, yana karɓar takarda ta 'yar taga daga yaran shagon da ya san fuskokinsu. Bai taɓa tambayar kowa shaida ba, don ba a taɓa buƙata ba. Ran nan sai aka fasa masa taga ta bakin titi, aka ce ya amsa wa duk wanda ya miƙo takarda, dare da rana.

Hanyoyin buɗe ƙofar

Dabarar farko da aka yi a shekarun 1990 ta sauƙi ce. Sai a rubuta wata manhaja da za ta yi shigar ma'aikaci: ta shiga koren allo, ta cike gurabe, ta karanta amsa daga layi kaza gurbi kaza, ta zuba a shafin intanet mai kyan gani. Ba a taɓa komai a cikin menfirem ba, don haka shugabanni suna son ta. Sai dai ranar da wani ya matsar da gurbin ragowar kuɗi daga layi na 12 zuwa na 13, shafin intanet zai fara nuna shirme. Kwalliya ce, kuma har yanzu akwai wuraren da ita ke riƙe da su.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a raba dokar kasuwanci da allo, a buɗe mata ƙofa ta musamman da ake kira API, wadda wasu manhajoji za su riƙa ƙwanƙwasawa kai tsaye. CICS ta samu cikakken tallafin irin wannan magana tun fitowarta ta 2005, daga baya kuma IBM ya fito da z/OS Connect, wanda ke karɓar saƙo a tsarin JSON da manhajojin waya suka saba da shi, ya juya shi zuwa siffar da shirin COBOL yake ganewa. Doka ma ta tura bankuna wannan hanya. A Janairun 2018 dokar PSD2 ta fara aiki a Turai, Birtaniya kuma ta tilasta wa manyan bankunanta tara su buɗe irin waɗannan ƙofofi ga kamfanonin da mai asusu ya yarje wa. Babban Bankin Najeriya ya fitar da nasa tsarin a 2021, ya biyo da ƙa'idojin aiki a 2023.

Akwai masu ɗauke shirin COBOL yadda yake su dasa shi a kan wasu kwamfutoci masu araha da ke kwaikwayon menfirem. Akwai masu fassara shi zuwa Java, wani yaren rubuta manhaja na zamani. Akwai kuma masu watsar da komai su sayi sabon tsari. Za mu zo kansu. Amma batun ƙofa ya cancanci a daɗe a kansa, domin nan ne tsaro yake tsayawa ko ya faɗi.

Wa ke magana?

Mai gadin menfirem shi ne tsarin tsaro mai suna RACF, wanda ya fito a 1976, ko takwarorinsa ACF2 da Top Secret. Aikinsa ya san kowane mai shiga da abin da aka halatta masa. A zamanin koren allo abin ya tafi daidai, ma'aikaci ɗaya lamba ɗaya. Da aka zo intanet, ba zai yiwu a buɗe wa abokan hulɗa miliyan biyar lambar RACF ɗaiɗai ba. Sai aka bi gajeriyar hanya: a ba sabar intanet, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonnin wayoyi ta miƙa wa menfirem, lamba ɗaya mai faɗin iko, duk saƙon da ya fito daga waya ya shiga da wannan lamba. Daga ranar, mai gadin ba ya ganin mutane, sabar kawai yake gani, kuma sabar tana da izinin taɓa kowane asusu.

A duba abin da hakan ke haifarwa. Manhajar waya ta aika saƙo cewa a nuna ragowar kuɗin asusu mai lamba kaza. Wani mai ƙwaƙwa ya tare saƙon a wayarsa, ya sauya adadi ɗaya a lambar asusun, ya sake aikawa. Shirin COBOL ba zai tambaya ko asusun nasa ne ba, domin an rubuta shi ne don ma'aikacin da ke da hurumin duba asusun kowa. Idan masu gina ƙofar intanet sun ɗauka menfirem ce ke wannan bincike, masu menfirem kuma sun ɗauka an yi shi tun daga waje, to babu wanda ya yi. Wannan giɓi ba ya buƙatar gwanin kutse, kuma ba ya bayyana a gwajin da ake yi na yau da kullum, saboda kowane ɓangare yana aiki daidai yadda aka tsara shi.

Gyaran shi ne shaidar mutum ta bi saƙonsa har ƙurya. Idan ya shiga da kalmar sirri da lambar da aka turo masa ta waya, sai a ba shi wani tikitin lantarki mai sa hannu, mai ɗan gajeren wa'adi, wanda ke ɗauke da sunansa da iyakar abin da zai iya yi. Ƙa'idar OAuth 2.0 ita aka fi bi wajen wannan. Tikitin ya raka saƙon zuwa cikin menfirem, a duba shi a can, a kuma rubuta sunan mutumin a kundin bincike maimakon sunan sabar. Aiki ne mai cin rai, ba ya kuma ƙara wa manhajar waya kyau, shi ya sa ake yawan ɗage shi zuwa zango na gaba.

Giɓi na biyu ya fi wannan ɓuya. Koren allo ba nuni kawai yake yi ba, yana tace abin da ake shigarwa. Gurbin adadin kuɗi ba ya karɓar haruffa. Gurbin suna in an ce harafi 30 ne, ba za a iya cusa 31 ba. Wasu guraben a kulle suke, ma'aikaci yana gani amma ba ya iya sauyawa. Masu rubuta shirin sun dogara da wannan, ba su sake bincikawa a ciki ba, musamman a zamanin da kowane harafi na ƙwaƙwalwar na'ura kuɗi ne. Da aka cire allon aka sa ƙofar API, matatar ta tafi tare da shi. Yanzu ana iya aiko da adadin kuɗi mai alamar ragi a gabansa, ko a sauya gurbin da a da yake a kulle, ko a turo suna mai harafi 500. In an yi sa'a shirin ya tsaya cak. In ba a yi sa'a ba, ya karɓa ya yi aiki da shi.

An daɗe ana cewa ba a kutsa wa menfirem. Gaskiyar ita ce ba kasafai masu kutse ke samun ta a gabansu ba. A 2012 aka gano an shiga menfirem ta kamfanin Logica a Suwidin, wadda ke riƙe da bayanan hukumar haraji, kuma kotu ta samu Gottfrid Svartholm Warg, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shafin musayar fayiloli na The Pirate Bay, da laifi a 2013. A 2014 kotun Denmak ta ɗaure shi shekara uku da rabi kan shiga na'urar kamfanin CSC mai ɗauke da bayanan 'yan sanda. Tsawon shekaru kalmar sirrin RACF ba ta wuce harafi 8, kuma wanda ya sace kundin kalmomin zai iya zama a gida ya fasa su a tsanake. An gyara wannan a sababbin fitowa, amma sai in masu kula da na'urar sun kunna gyaran.

Abin da ya samu Equifax, kamfanin Amurka mai tattara bayanan bashin mutane, a 2017 ba a kan menfirem ya faru ba, amma siffarsa ɗaya ce. Wani tsari ne da aka gina tun shekarun 1970, aka yi masa fuskar intanet don mutane su shigar da ƙorafi. Fuskar tana amfani da manhajar Apache Struts, wadda aka gano ɓarakarta aka fitar da faci a Maris na shekarar, kamfanin bai liƙa ba. Masu kutse suka shiga ta nan, suka tarar da fayil ɗin kalmomin sirri a buɗe, suka wuce zuwa wasu rumbunan bayanai. Bayanan mutane kusan miliyan 147 suka fita. Tun z14 ta 2017 IBM yake tallata cewa na'urarsa na iya juya dukkan bayanan da ke cikinta zuwa rubutun sirri, kuma abin kirki ne, yana kare wanda aka sace masa faifai. Amma ba ya hana komai idan ɓarawon ya shigo ta bakin manhajar da ke da izinin karantawa, domin na'urar za ta warware masa bayanan da hannunta.

Danna sau biyu, da daren da ya ɓace

Mai POS ya san wannan: an danna, na'ura ta yi ta juyi, ta ce ba a yi nasara ba, amma alat ya shigo cewa an cire kuɗi. Abin da ya faru shi ne saƙon ya isa, an aiwatar, amsar ce ta ɓata a hanya. Wayar ba ta da yadda za ta bambance saƙon da bai isa ba da amsar da ba ta dawo ba. In ta sake aikawa, tsohon shirin zai ɗauke shi sabon umarni ne ya sake cirewa, domin a duniyarsa ma'aikaci ba ya maimaita aiki sai ya duba. Maganin shi ne kowace ma'amala ta fito da lambarta ta musamman tun daga waya, cibiya kuma ta ajiye lambobin da ta gani, in lamba ta dawo a ba ta tsohuwar amsa kawai. Faɗinsa ba wuya. Wuyar ita ce a saka shi cikin shirin da ba a taɓa ba shekara 30.

Lamarin ya fi rikicewa idan aka fara kwashe wasu ayyuka zuwa waje. Muddin asusun biyu na cikin na'ura ɗaya, CICS ce ke tabbatar da cewa ko duka ko babu. Ranar da asusun ajiya ya koma sabon tsari, na bashi ya rage a tsohon, wannan lamuni ya ƙare. Akwai dabarar da ke sa na'urori biyu su amince tare kafin a kammala, sai dai tana da nauyi kuma yawancin manhajojin intanet ba sa bin ta. Abin da aka fi yi shi ne a cire a nan, a gwada zubawa a can, in ta ƙi sai a aika umarnin mayarwa. Wato wancan jiran a dawo da kuɗi da kowa ya tsana, an gina shi ne cikin tsarin da gangan, don babu wata mafita mai araha.

Sai yawan saƙo. Mutumin da a da yake zuwa banki sau biyu a wata, yanzu yana duba ragowar kuɗinsa sau goma a ranar albashi. Kowace dubawa aiki ce a kan menfirem, kuma tsarin biyan kuɗin manhaja da IBM ya daɗe yana bi ya dogara ne da matsakaicin aikin awa huɗu mafi cunkoso a wata. Don haka bankuna sukan kwafi bayanai zuwa wani rumbu na waje, duk sauyin da aka yi a cibiya a tura shi can nan take, wayoyi su riƙa karantawa daga kwafin. Yana rage kuɗi sosai. Amma kwafin kan yi jinkirin daƙiƙoƙi, don haka ba a yanke hukuncin biya da shi, kuma ya zama wuri na biyu da dole a tsare kamar na farko, abin da ba kullum ake yi ba.

Dare kuwa ya ɓace, amma aikin dare bai ɓace ba. Dubban ayyuka ne a jere, wannan na jiran wancan, kuma yanzu dole su gudana alhali mutane na tura kuɗi ƙarfe biyun dare. A Maris 2011, bayan girgizar ƙasar Japan, gudummawar da jama'a suka riƙa turawa ta taru a wasu 'yan asusai na bankin Mizuho har ta wuce iyakar da aikin dare ke iya ɗauka. Aikin ya tsaya, na'urorin ATM suka daina aiki, albashin mutane ya maƙale kwanaki. A Yunin 2012 kuma aka sabunta manhajar CA-7 mai tsara jerin aikin dare a rukunin bankunan RBS na Birtaniya, abin ya ƙwace. Abokan hulɗa sama da miliyan 6.5 abin ya shafa, na Ulster Bank da ke cikin rukunin suka yi makonni, hukumomi kuma suka ci tarar fam miliyan 56 a 2014.

Fassara da ƙaura

Duk wannan ne ke sa wasu su ce a bar na'urar gaba ɗaya. Kayan fassara COBOL zuwa Java sun daɗe a kasuwa. Amazon ya sayi kamfanin Blu Age a 2021 don wannan aiki, IBM kuma ya fito da nasa mai amfani da ƙirƙirarriyar basira a 2023. Suna aiki, musamman wajen bayyana abin da tsohon shiri ke yi. Amma akwai ƙananan abubuwa masu cizo. COBOL tana lissafin kuɗi da adadi na goma-goma daidai wa daida. Yawancin yarukan zamani, in ba a yi hattara ba, suna amfani da wani tsari da in ka tara 0.1 da 0.2 zai ba ka 0.30000000000000004. A asusu ɗaya ba komai ba ne. A kuɗin ruwan asusu miliyan goma kowane dare, littafi ba zai daidaita ba. Haka nan menfirem tana ajiye haruffa a tsarin EBCDIC, inda haruffa ke gaba da lambobi wajen jeri, alhali a tsarin ASCII lambobi ne gaba. Fayil ɗin da aka jera a nan zai fito da wani jerin a can, shirin da ke haɗa fayiloli biyu bisa jeri kuma ya tsallake mutane ba tare da ya yi ƙorafi ba.

Wanda ya fi waɗannan shi ne dokokin da ke binne. A tsakiyar shiri za a tarar da sharaɗin da ke cewa in nau'in asusu 47 ne kuma an buɗe shi kafin shekara kaza, kada a cire masa caji. Babu takardar da ta yi bayani. Wataƙila alkawari ne da wani bankin da aka haɗiye ya yi wa abokan hulɗarsa, wataƙila hukuncin kotu ne, wataƙila kuskure ne da aka saba da shi. Wanda ya rubuta ya yi ritaya. Na'urar fassara za ta kwashe sharaɗin yadda yake, sai a samu Java mai tunanin COBOL, wadda matasan ma'aikata ba sa ganewa, tsofaffin ma ba sa ganewa. In kuma aka ce a sake rubutawa daga tushe, sharaɗin ya faɗi a hanya, sai ranar da masu asusu nau'i 47 suka ga caji. Abin da kawai na ga yana kama irin wannan shi ne a gudanar da tsohon tsari da sabo kafaɗa da kafaɗa na watanni, a ba su saƙo iri ɗaya, a kwatanta amsoshi har kwabo, a bi diddigin kowane saɓani. A mafi yawan irin waɗannan ayyuka gwajin ya fi fassarar cin lokaci.

Ƙaura gaba ɗaya tana yiwuwa. Commonwealth Bank na Ostireliya ya fara a 2008 tare da kamfanonin SAP da Accenture, ya kammala a 2012, ya kashe sama da dalar Ostireliya biliyan ɗaya, yana kwashe nau'o'in asusu kashi-kashi. Bankin TSB na Birtaniya ya bi ta ɗaya hanyar. Bayan bankin Sabadell na Sifen ya saye shi a 2015, sai aka shirya ɗauke abokan hulɗarsa miliyan 5.2 daga tsarin bankin Lloyds zuwa sabon tsari mai suna Proteo4UK a ƙarshen mako guda, cikin Afrilun 2018. Abin lura shi ne bayanan asusu sun ƙaura lafiya, hukumomi ma sun faɗi haka. Abin da ya rushe shi ne hanyoyin da mutane ke bi su isa ga bayanan: manhajar waya, shafin intanet, layin kira, kwamfutocin rassa. Wasu suka shiga suka tarar da asusun wasu a gabansu. 'Yan damfara suka yi caa, suna kiran mutane da sunan banki a daidai lokacin da kowa ke jiran kiran banki. Binciken da aka fitar a 2019 ya nuna cewa cikin cibiyoyin bayanai biyu, a ɗaya kawai aka yi wani muhimmin gwaji. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a Satumban 2018, asarar ta kai kimanin fam miliyan 330, sannan a Disamban 2022 aka ci tarar fam miliyan 48.65.

Bankunan Najeriya galibi ba a kan menfirem suke ba, manhajoji irin su Finacle da Flexcube da T24 suke amfani da su. Amma wanda ke da asusu a Sterling ko Zenith ko GTBank a watannin ƙarshe na 2024, lokacin da kowannensu ya sauya uwar manhajarsa, ya ɗanɗani yadda irin wannan ƙaura take ko da an yi sanarwa tun da wuri.

Don haka ni ina tare da masu tafiya a hankali: a sa ƙofar API a gaba, a tabbatar shaidar mutum da tace saƙo suna nan, sannan a riƙa zare ayyuka ɗaya bayan ɗaya ta bayan ƙofar, wayar abokin hulɗa ba ta ma san an sauya ba. In sabon ɓangare ya ba da matsala, a mayar da hanya kan tsohon. Aibinta shi ne ana biyan kuɗin tsari biyu shekaru da dama, kuma akwai haɗarin a kwashe masu sauƙi a bar ƙashin, a wayi gari da tsohon tsari da sabo da gadar da ke tsakaninsu, uku ke nan maimakon ɗaya. Akwai ma wuraren da amsar gaskiya ita ce a bar littafin asusu inda yake, tunda babu abin da ya fi menfirem iya riƙe shi, a sabunta abin da ke kewaye da shi.

Jinkirin ma yana da iyaka, kuma iyakar mutane ce. A Afrilun 2020, da annobar korona ta jefa ɗimbin jama'a cikin rashin aiki, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka na lokacin, Phil Murphy, ya fito bainar jama'a yana neman waɗanda suka iya COBOL, saboda tsarin biyan tallafin marasa aiki ya haura shekara 40 kuma ya kasa ɗaukar cunkoson. Koyon COBOL ba wuya, matashi mai ƙwazo zai iya cikin 'yan watanni. Abin da ba a koyarwa a aji shi ne dalilin sharaɗin asusu nau'i 47, kuma wannan sai an zauna da mai shi tun yana ofis.

Abokan cinikin IBM suna da sararin zaɓar lokacinsu, tunda kamfanin na ci gaba da fitar da sababbin na'urori. Na kamfanin Fujitsu na Japan ba su da shi. A 2022 kamfanin ya sanar cewa zai daina sayar da menfirem a 2030, ya daina kula da su a 2035. Ga kamfanonin Japan da ke kan waɗannan na'urori, in aka cire shekarun tantance shiri da na gudanar da tsari biyu tare, wa'adin ya riga ya matso.